Dala Arba'in a Cikin Gwangwanin Kaka

Masu sauraronmu na nan Kwatano, da na Faraku da Jugu, da na tsallaken iyaka a Gaya da Kamba da Ikko, da 'yan uwa na zangon Lome, da fatan kowa ya tashi lafiya. Wanda bai samu jin shirin ba, to ga shi a rubuce, kusan yadda aka faɗe shi.

Wasiƙa ce ta kawo zancen yau. Wata baiwar Allah ce daga unguwar Zango ta rubuto, ta ce kakarsu ta rasu bayan babbar salla, Allah ya jiƙanta. Da aka zo kwashe kayan ɗakinta, can ƙarƙashin zannuwa a gindin adaka, sai ga wani tsohon gwangwani, a ciki an ƙunshe wasu manyan ƙwandaloli a tsumma, duk sun yi baƙi. Aka ƙirga, arba'in daga cikinsu an rubuta faran biyar a jiki, biyu kuma daban suke, da hoton wata mace mai jiki da lambar 1780. Yayanta ya ce ai dala arba'in sefa 200 ke nan, ko kokon yara da ƙosai ba za ta saya ba, a bar wa yara su yi wasa. Kawunsu kuwa ya rantse cewa waɗannan biyun kaɗai sun isa sayen gida, tunda sun haura shekara ɗari biyu. Yanzu dai magana ta ɗan yi tsami tsakanin magada. Tana tambaya: wa ke da gaskiya, me wannan kuɗi yake saye a zamaninsa, kuma akwai zakka a kansa?

To, 'yar uwa, da yayanki da kawunki duk babu wanda ya ci. Amma kada ki ga laifin yaya, don da harshen da aka yaye shi ya yi lissafi. Ba Bahaushen da zai tsaya a Dantokpa ko kasuwar Maraɗi ya ce wa ɗan uwansa sefa ɗari. Dala ashirin zai ce. Sefa 25 dala biyar, sefa 500 dala ɗari, sefa 1,000 jika guda. Zabarmawa haka suke yi. Bambara na Mali da Wolof na Senegal sunan dirhami suka laƙaba mata, amma ƙirgen ɗaya ne, biyar-biyar. Yaro ya taso ya tarar ana haka, bai taɓa tambayar dalili ba. To dalilin shi ne abin da ke cikin gwangwanin nan naku. Ita ce dalar asali, ƙwandalar faran biyar ta Faransa, mai nauyin giram 25, wadda kashi tara cikin goma nata azurfa ce tsantsa. Kakanninmu sun yarda da ita, don ta yi kama da riyalin da suka saba gani a hannun fatake, sai suka mai da ita ma'aunin ƙirge. Ƙwandalar ta tafi, sunan ya zauna. Saboda haka dala arba'in ɗinku kilo guda ne cif, giram 900 a ciki azurfa zalla. Wannan ba kayan wasan yara ba ne.

Bari in ba ku wani ma'auni daga garin nan da muke zaune. Ranar 3 ga Oktoban 1890, bayan yaƙin farko tsakanin Faransawa da Sarkin Dahome Behanzin, aka sa hannu a wata yarjejeniya. Faransa za ta ci gaba da zama a Kwatano, ita kuma ta riƙa biyan sarki abin da bai wuce faran 20,000 ba kowace shekara, kuma takardar ta fayyace cewa da zinariya ko azurfa za a biya. Ku yi lissafi da ni. Faran 20,000 dala 4,000 ke nan, kilo ɗari na ƙwandala. Ashe abin da tsohuwar nan ta ɓoye a gindin adaka kashi ɗaya ne cikin ɗari na kuɗin hayar Kwatano baki ɗaya na shekara guda. Sulhun bai daɗe ba, a 1892 aka koma yaƙi, a 1894 Behanzin ya miƙa wuya aka tafi da shi Martinik. Amma ka ga sarki da Bature da suka zo maganar kuɗi mai nauyi, ba su ambaci wuri ba, alhali da wuri kowa ke cefane a ƙasar a lokacin.

Nan ne nake son mu ɗan zauna, don tambayarki ta biyu ba ta amsuwa sai an bi ta kan wuri. Mutane na jin an ce zamanin da zinariya da azurfa ne kuɗi, sai su ɗauka kakanninmu da dinari suke sayen daddawa. Ina! Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce: wuri ɗaya, kuɗi da yawa. Maƙwabtanmu Fon da Yarabawa su ma kalmarsu ta kuɗi daga wuri ta taso. Har gobe in za a kambama yawan dukiya sai ka ji an ce wuri na gugar wuri. Shi ne kuɗin mai koko da mai itace da wanzami da mai kitso.

Wurin nan kuwa ba daga tekunmu yake fitowa ba. Daga tsibiran Maldif ne, can kudu da Indiya. Ibn Battuta, matafiyin nan na Maroko, ya yi alƙalanci a tsibiran, ya ga ana sayar da wuri 400,000 a kan dinari guda na zinariya. Da ya zo Mali da Gawo wajen 1353, sai ya tarar dinari guda wuri 1,150 ne. Kai ka ji riba! Da farko ta Sahara yake zuwa a bayan raƙumi. Daga baya Turawa suka gano hanyar: su loda shi a gindin jirgin ruwa don ya danne jirgin, su kai Amstadam ko Landan, su sake lodawa su sauke a Wida, nan yamma da mu kaɗan. Abin da suke ɗauka a madadinsa kuma, sai mu faɗi gaskiya, mutane ne. Kaso mai yawa na bayin da aka fitar ta Wida da wuri aka biya kuɗinsu. Duk mai kewar kuɗin da, ya riƙa tunawa da wannan.

A bakin teku huda shi ake yi a shirya a zare: arba'in zare guda, zare hamsin kai guda, wato 2,000, kai goma buhu guda. A ƙasar Hausa ba a hudawa, zube ake ƙirga shi a ƙasa, ana ja biyar-biyar da yatsu ana tara tsibi. Dubu ashirin shi ne keso, a ɗinke cikin tabarma, kuma keso guda kayan ƙato guda ne. Wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdulkarim, ya ba da labarin yadda ya ga ana fama da ƙirgen wuri 500,000 a Tasawa, ta jihar Maraɗi ta yau, a farkon 1851. Sai da mutum biyar ko shida suka taru a kai kafin a ga ƙarshensa. Mu da muke ƙorafin layin banki, to ga layi.

Shi Abdulkarim ɗin ne ya bar mana lissafin da ya fi kowane amfani ga tambayarmu. Da ya shiga Kano a watan Fabrairun wannan shekara, ya tarar riyal guda na azurfa wuri 2,500 ne. Ya kuma rubuta cewa da wuri 50,000 zuwa 60,000 iyali guda za su yi shekara cikin wadata, har da tufafinsu. Kuɗin ƙasa da kowane magidanci ke biyan sarki 2,500 ne, kuɗin karofi kuwa 700 a kan kowace rijiyar rini.

To mu fasa lissafin nan. Wuri 50,000 zuwa 60,000 riyal ashirin ne zuwa ashirin da huɗu. In ka raba a kwanakin shekara, cefanen gida na yini guda wajen wuri 150 ke nan. Wato riyal guda abincin gida ne na kwana goma sha shida ko sha bakwai. Ka ga dalilin da ya sa ba a zuwa da shi wurin mai daddawa: wa zai ba ka canji? Kamar ka miƙa wa mai ƙosai albashin rabin wata ne a dunƙule. Haraji kuma, da ake jin 2,500 kamar ba komai, abincin fiye da mako biyu ne ake cirewa daga bakin iyali. Dalar Faransa ta ɗan gaza riyal a yawan azurfa, kaɗan ne bambancin, saboda haka a ma'aunin Kano ta 1851 dala arba'in ɗin kakarki za ta riƙe gida shekara ɗaya da rabi, har ta doshi biyu. Yaya, kana ji ko?

Sai dai ban ce a ɗauki lissafin Abdulkarim kamar aya ba. Baƙo ne, kintace ya yi, kuma gidan da yake magana a kai gida ne mai gona da rumbu, wanda mata ke kaɗi maza ke saƙa, ba mai biyan haya da kuɗin wuta da na makaranta da na asibiti ba. Wasu gidajen ma gumin bayi ne ke cika musu rumbun. Amma ku dubi wani abin dariya: mafi ƙarancin albashi a nan Benin, tun daga Janairun 2023, sefa 52,000 ne a wata. Lamba kusan ɗaya da ta Kano, can shekara, nan wata, kuma wanda ke karɓarsa ya san ranar da yake ƙarewa. Lamba ita kaɗai ba ta gaya maka komai.

To su wa ke riƙe azurfa da zinariya? Masu tafiya mai nisa, da masu ajiya. A farashin Kano na wancan lokaci, keso guda riyal takwas ne. Ƙwandala takwas ka ƙulle a lalita ka ɗaura a ƙugu, babu wanda ya sani. Keso kuwa sai ka ɗauki ɗan dako ko jaki, ka ciyar da shi, kuɗin yana cin kansa a hanya. Shi ya sa fataken goro da ke tashi daga Kano su bi ta Yawuri ko Ilo, su ƙetare Kwara, su ratsa Nikki da Jugu har Salaga ta ƙasar Gwanja, ba wuri suke lodawa ba. Kanwa suke ɗauka da turkuɗi da riguna da fatu, a kowane zango su sayar da kaɗan su sami wurin cefane da na fito. Kalmar da ake kiran unguwarmu da ita ma daga nan ta samo asali: inda ayari ke sauke kaya. In ciniki ya yi girma sai a koma miskali, wato garin zinariya na ƙasar Asante da ake aunawa a ɗan ƙaramin ma'auni, giram huɗu da ɗan wani abu. Wani wakilin Ingila da ya je Kumasi a 1820, Joseph Dupuis, ya rubuta cewa 'yan kasuwa Musulmi sun shaida masa har ƙwandalar miskali ake bugawa a Nikki, arewacin ƙasar nan tamu. Sau da yawa ma ba a ganin zinariyar da ido: da sunanta ake yanke farashi, a biya da wuri ko doki ko riga, ko kuma, Allah ya yafe wa magabata, da ɗan Adam.

Ga inda abin ya zama darasi mai zafi. Wajen 1850 kan wuri guda, wato 2,000, daidai yake da dalar azurfa guda a Dahome. Sai wasu 'yan kasuwar Hambug da na Marsai suka gano akwai wani irin wuri a gaɓar Zanzibar, ya fi na Maldif girma, ya fi shi araha nesa ba kusa ba. Suka shiga jibgo shi jirgi-jirgi suna sayen manja. Tan dubu-dubai suka sauke a Ikko da Wida da Porto-Novo cikin shekara ashirin. Kafin ƙarshen ƙarnin, kan wurin da ke sayen dala ya dawo wajen sisi a Ikko, ya zubar da kusan kashi tara cikin goma na darajarsa. Wa ya yi asara? Ba mai kamfani ba, shi ya riga ya kwashe manjansa. Ba attajirin da ya mai da dukiyarsa riyal da shanu ba. Tsohuwar da ta shekara talatin tana tara wuri a tulu ita ce ta wayi gari tulun na nan cike, amma ba ya sayen abin da rabinsa ke saye a da. Ƙaramin kuɗi shi ne ke fara narkewa, kuma a hannun talaka yake.

Kada kuma wani ya ce to azurfa ita ce ba ta faɗuwa. Ta faɗi. Bayan 1870 Jamus da wasu ƙasashen Turai suka koma kan zinariya, ga sababbin ma'adinai a Amurka, kafin 1895 farashin azurfa ya sauko kusan rabi. Faransa ma tun 1878 ta daina buga dalar don kasuwa, shi ya sa za ki ga shekarun da ke jikin naku duk tsofaffi ne. Bambancin kawai shi ne azurfa in ta faɗi tana tsayawa a wani wuri, ba ta komawa tsakuwa.

Da Turawa suka kama ƙasa, haraji ne sandar da suka kori wuri da ita. A Dahome an ɗora harajin kai a 1899, ba a daɗe ba baitulmali ya daina karɓar wuri, dole mutum ya nemo faran, ko ta sayar da manja da kwakwa, ko ta ƙwadago a gadar jiragen ruwa da hanyar dogo da aka fara shimfiɗawa daga Kwatano a 1900. A Nijeriya ta Arewa Ingilishi sun hana shigo da wuri a 1904. Sai ga sule da sisi da taro da kwabo, da fataka mai sule biyu, wadda can ita suke kira dala. Amma ku lura da sunan da Hausawa suka ba rabin kwabo: ɗari. Ɗarin me? Ɗarin wuri. Ko da kuɗin Bature ya zo, da wuri ake fassara shi a ka. Matan kasuwa kuwa sun daɗe ba su saki wuri ba, kuma ba duhun kai ba ne, lissafi ne. In rabin kwabo wuri ɗari ne, da me za ka sayi gishirin wuri biyar? Sai da aka fito da anini mai huda a tsakiya, kashi ɗaya cikin goma na kwabo, sannan aka ɗan sami sauƙi. Ni kakata har ta bar duniya in za ta ce ba ta da komai, cewa take ba ta da ko anini, mu kuwa ba mu taɓa sayen komai da shi ba. Wannan ciwo na rashin canji bai warke ba har yau. Duk wanda ya taɓa miƙa wa ɗan zemijan jika biyar da sassafe ya san abin da nake nufi.

Yanzu mu zo ga yadda aka yi dalolin nan suka shige gwangwani. Lokacin yaƙin duniya na farko, daga 1914, azurfa ta yi tsada, Faransa ta shiga tura takarda maimakon ƙwandala. Mutane suka ƙi takardar nan iyakar ƙoƙarinsu: gara na ci, ruwa na lalatawa, gobara na cinyewa, ga shi a kasuwa ba a karɓarta daidai da ƙarfe. Me mai hankali zai yi? Ya biya haraji da takarda, ya binne azurfa. A ɓangaren Ingilishi ma a 1920 aka daina buga sulen azurfa aka koma na jan ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Cikin 'yan shekaru dala ta ɓace daga kasuwa, ta koma ƙarƙashin gado, ta koma wuyan 'yan matan Fulani da kitsonsu, ta koma wurin maƙeran fari suna narkawa suna ƙera munduwa da zobe da warwaro. In kakarki ta shekara tamanin ko casa'in, to ba a kasuwa ta same su ba. Mai yiwuwa daga uwarta ta gada, ko a kayan aurenta aka sa mata. Ajiyar mata ce, irin wadda ba a gaya wa miji, ana jiran ranar da ba a fata.

Ta kuwa ga ranaku. An haifi sefa ranar 26 ga Disamban 1945, tana raye. Ta ga 1984, sa'ad da gwamnatin soja a Nijeriya ta sauya launin naira a watan Afrilu ta kuma rufe iyaka, 'yan kasuwar Kwatano da Maraɗi da ke da naira a buhu suka rasa ta inda za su kai ta banki kafin wa'adi ya cika. Ta ga daren 11 ga Janairun 1994, da shugabannin ƙasashen sefa suka taru a Dakar aka raba darajar kuɗin biyu: jiya sefa 50 ke sayen faran guda na Faransa, yau sai 100. Waɗanda suka yi wayo a lokacin sun tuna yadda magani da shinkafa da kayan gyaran mota suka yi tsalle, albashi kuwa yana nan inda yake. 'Yan canjin Jonke sun fi ni sanin labarin. Duk wannan ya wuce ta kan gwangwanin nan bai rage masa giram ɗaya ba. Dalar bakinmu kuwa ta dawo 'yar ƙwandalar da in ta faɗi a ƙasa yaro ma sai ya yi shawara kafin ya duƙa.

Shi ya sa in dattijo ya ce mini a zamaninsu da sule goma ake sayen rago, nakan ce Baba, gaskiya ne, amma kwana nawa kake yi kafin ka sami sule goman? Nan hira kan canja. Sai ka ji ashe rigar salla ɗaya ce shekara da shekaru, ashe nama sai ranar kasuwa, ashe takalmi a hannu ake riƙe shi sai an kusa shiga gari. Wasu abubuwan da gaske sun fi sauƙi a da, musamman fili da wurin kwana da itace. Wasu kuwa, kamar tufa da gishiri da tafiya, mu ne muke cikin arha ba mu sani ba. In kana son gwada zamani da zamani, tambayi kwana nawa na aiki ke sayen buhun masara, ka bar zancen lamba.

Saura kawu da riyalansa biyu. Kawu, ka yi haƙuri. Matar nan Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya, kuma 1780 shekarar rasuwarta ce. Larabawa da Habashawa da mutanen Borno da fatakenmu sun amince da wannan riyal ƙwarai, har ba sa karɓar wanda aka sauya wa ko ɗigo. Saboda haka aka ci gaba da buga shi da wannan lambar ba canji, a Biyana, daga baya har a Roma da Landan da Faris da Bombai, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har yanzu ana bugawa. Wanda ke hannunku zai iya zama na 1860, zai iya zama na 1940. Nauyinsa giram 28, azurfar ciki ta ɗan haura giram 23. Kuɗi ne mai kyau, amma ko ƙofar gida ba zai saya ba.

Batun zakka, ni ba malami ba ne, abin da kowane ɗalibin Risala ya sani kawai zan faɗa. Nisabin zinariya dinari 20 ne, wajen giram 85. Na azurfa dirhami 200, wajen giram 595. Dala ashirin da bakwai ta cika nisabi ke nan, taku kuwa arba'in ce. Abin da ake fitarwa ɗaya bisa arba'in, wato a hannun mutum guda, in shekara ta zagayo, dala ɗaya cif za a cire. Amma yanzu dukiyar ta zama ta magada, kowa da rabonsa, kuma kowa zai duba nasa ne haɗe da sauran abin da ya mallaka. Ko marigayiya tana fitarwa, da abin da ya kamata a yi in ba ta fitar ba, wannan ku je babban masallacin Zango ku zauna da malamai, kada ku yanke da ka. Ku lura dai, a nan ne zinariya da azurfa ba su taɓa barin rayuwarmu ta yau da kullum ba. Duk ɗaurin auren da aka yi, mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu ta Malikiyya rubu'in dinari ne ko dirhami uku, abin da bai wuce giram tara na azurfa ba. Dala guda daga gwangwanin nan ta biya shi sau biyu da rabi.

Ga shawarata, 'yar uwa. Kada ku wanke su. Na san hannun mace ba ya ganin baƙin ƙarfe ya ƙyale, amma toka da lemun tsami suna cin fuskar ƙwandala, kuma akwai masu tara tsofaffin kuɗi da kan biya fiye da nauyin azurfa in shekarar ko tambarin mai wuyar samu ne, su kuwa ba sa son wankakkiya. Ku ɗora kowace a sikeli gaban shaidu. Ta gaske giram 25 ce, ko ta gaza da ɗan kaɗan saboda gugar hannu, mayen ƙarfe ba ya kama ta, in an ƙyasta ta kuma tana da amo mai tsawo. In kun ga wata ƙarama mai giram 12, wannan faran biyar ce ta shekarun 1960, azurfa ce ita ma amma ba ajinsu ɗaya ba. Ku tambayi farashin giram na ranar a wurin maƙera biyu ko uku kafin ku buɗe baki, kuma kada a aiki mutum ɗaya shi kaɗai. Wata gwaggota haka ta yi asarar nata: wani mai yawo gida-gida yana sayen tsofaffin ƙarafa ya ce mata dalma ce, ya ba ta kuɗin atamfa turmi ɗaya ya tafi da guda goma sha biyu, sai bayan shekaru ta faɗa mana, tana faɗa tana share hawaye.

In kuma babu wata buƙata da ta taso, ba dole sai an sayar ba. Dalolin nauyinsu ɗaya, ana iya raba su da ƙirge bisa yadda shari'a ta tsara, riyal biyun a yi musu kuɗi a cike wa wanda rabonsa bai cika ba. A ba yaya nasa a tafin hannu ya ji nauyinsu.

Wanda ke da irin wannan ajiya a gida, ko tsohuwar takardar bashi ko ta sadaki da aka rubuta da ajami ana ambaton keso ko riyal ko fam, ya rubuto mana abin da ke ciki, ba sai ya faɗi sunansa ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake biyan tsohon bashi bayan kuɗin da aka ci shi da su sun faɗi.